Malama ta Huɗu

Shekara goma sha tara Malama ta yi tana koyar da 'yan aji biyu kafin ta koma jami'a ƙaro ilimi. A takardar bincikenta ta rubuta cewa yaron da ke zama a bencin baya ba daƙiƙi ba ne, allo ne ba ya gani. Malamin da ke duba aikin ya zagaye jimlar da jan biro, ya rubuta a gefe: "In ji wa? Kawo madogara."

Kwana uku tana sintiri tsakanin kantocin ɗakin karatu. Da ma'aikaciyar wurin ta gaji da ganinta, ta zaunar da ita gaban kwamfuta, ta ce, "Yaya, rage kalmomin, ki nemi mujallun da masana suka tantance kawai."

Sai ga wata maƙala ta fito. Tana ganin sunan marubucin ta gane shi: mai binciken nan ne da ya taɓa yin wuni biyu a ajinta, ta ba shi kujerarta, ita ta koyar a tsaye. A shafi na tara ga maganarta nan, ko wasali bai canja ba, an sakaya sunanta, an ce wata "Malama ta Huɗu" ce ta faɗa.

Ta kwafi sunansa da shekara da shafi, ta kai wa malamin.

Ya karanta, ya gyaɗa kai. "Yauwa, yanzu kika yi magana. Irin waɗannan masanan za ki riƙa karantawa, ko kya koyi yadda ake tunani."