Biyu a Gaban Sabri

"Inna, kankare shi sosai, kada harafi ko ɗaya ya rage," in ji Sabri. Yana tsaye a kaina a kicin ɗin uwarsa, ni kuma ina fama da wuƙa da takardar jikin kwalbar magani.

"Kai Sabri, uwarka ba ta karatu!"

"Idan wani ya karanta mata fa?"

Na ja tsaki na ci gaba. Shekara talatin ƙofata na kallon ta Ummu Sabri a hawa na uku a nan garin Tanta, ga shi da tsufana an mai da ni mai kankare kwalabe. Ciwon daji ya ci ƙarfinta, amma Sabri ya kafa doka a gidan: a ce mata sanyin ƙashi ne. Likitan ma da Sabri yake magana, a bakin ƙofa, minti biyar. 'Yarta Ihsan da ke aure can garin Aswan kuwa, ba wanda ya gaya mata komai.

Nargis ce kawai ba ta shiga wannan wasan da zuciya ɗaya ba. Nas ce daga asibiti, tana zuwa Litinin da Alhamis, gajeruwa mai faɗa. Farar rigarta ma sai da Sabri ya sa ta dinga ɓoyewa a jaka. Ita ke wanke gyambon baya, ta canja robar allura, ta koya mini yadda ake juya mara lafiya. Kafin ta ba da magani kullum sai ta tambaya.

"Hajiya, daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne yau?"

Ummu Sabri ta saci kallon ɗanta. "Biyu, 'yata."

"Ustaz Sabri," in ji Nargis, "auduga ta ƙare. Sauka kantin magani."

Auduga kuwa cike da jakarta, na gani da idona. Ƙarar takalminsa na ɓacewa a matakala ta sake tambaya.

"Tara," in ji tsohuwa, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. "Kada ki gaya masa. Tun yana yaro ba ya iya ganin ko kaza ana yankawa."

Raina ya ɓaci. Ɗa na yi wa uwa ƙarya, uwa na yi wa ɗa ƙarya, ciwo kuma na ta aikinsa.

Ranar Alhamis Nargis ta tare shi a matakala, ina ji daga ƙofata.

"Kwanaki suka rage, ba makonni ba. Kira 'yar'uwarka."

"Ihsan na shigowa da kuka, shi ke nan Mama ta gane. So kike ki kashe ta?"

"Ni? Ni da nake wanke ta? Allah ya ba ka haƙuri, Ustaz."

Ta koma ciki, na bi bayanta, ta zauna a bakin gado, ta kama hannun tsohuwa. "Hajiya, akwai wanda kike son gani?"

Wata huɗu ana jinya, ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar, har da ni.

"Ihsan," ta ce nan take.

Nargis ta danna lambar ta kara mata wayar a kunne. Sabri ya yi ta zagaye falo yana cewa sai ya kai ƙara asibiti. Nargis ta ce masa ofishin kai ƙarar na hawa na biyu, kada ya ɓata hanya.

Ihsan ta iso ranar Asabar da jirgin ƙasa. Kwana biyu ta samu tana taje wa uwarta kai, tana jiƙa mata leɓe. Ranar Litinin bayan la'asar Ummu Sabri ta cika, Nargis na riƙe da hannu ɗaya, Ihsan ɗayan.

Sabri ya share fuska ya ce, "Alhamdu lillahi, ta tafi ba ta sani ba." Sannan ya tambayi wa zai je sayo likkafani.

"Ba sai an je ba," in ji Nargis. "Hajiya ta ce in nuna maka."

Ta durƙusa ta jawo akwati daga ƙarƙashin keken ɗinkin marigayiyar. Farin yadi ne a ninke, an yanka shi daidai tsawonta, da sabulu sabo da kwalbar ruwan wardi a kai.

Sabri ya zauna a ƙasa, ya ɗora yadin a cinyarsa, yana ta shafa shi da tafin hannu.