Maɗaurin Agogon Baba Kabo

Agogon ya sake faɗuwa, wannan karon cikin ƙasa, daidai ƙafar teburina. Baba Kabo ya tsaya yana kallonsa, bai sunkuya ba.

"Ka gani ko, Sha'ibu? Tun safe haka yake yi mini. Guduna yake."

Na ɗauka na hure ƙasar. Tsohon agogo ne mai nauyi, mai sarƙar ƙarfe, tun na zamanin da yake tuƙin kamyo, babbar motar kaya. Gidansa da namu katanga ɗaya ta raba a Sabon Gari, ni kuma gyaran agogo nake yi a ƙofar gida. Tun ina yaro ban taɓa ganin hannunsa babu agogon nan ba.

Ran nan 'yan sandika, wato ƙungiyoyin ma'aikata, sun ce a rufe gari, a shekarun da jam'iyyu ke ta ja-in-ja a Yamai. Babu kabu-kabu, babu shago buɗe. Ban taɓa jin Maraɗi ta yi shiru irin haka da rana tsaka ba. Har numfashin tsohon nake ji.

Na duba maɗaurin. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai rasor a ciki, wato 'yar murɗaɗɗiyar waya mai lotsawa ta dawo, shi ke riƙe maɗauri da sarƙa. Nasa ya cinye, kansa ɗaya ya lotsa ciki ya ƙi fitowa.

"Baba, ɗan ƙarfen ne ya gaji. Bar mini shi, gobe in an buɗe kasuwa in samo sabo."

"A'a, yau nake so. Jibo zai biyo ya ɗauke ni bayan la'asar. Za mu Tibiri lodin gyaɗa."

Na ɗaga kai. Jibo ƙaninsa ne. Motarsa ta kife kusa da Jiratawa tun kafin in yi aure, kuma ina cikin waɗanda suka raka shi makabarta.

"Baba, wane Jibo?"

"Jibo nawa ka sani?" Ya zauna kan bencina a hankali. "Na san abin da kake tunani. Ban ruɗe ba, ni na wanke shi da hannuna. Amma kwanan nan kullum sai ya tsaya bakin kwalta ya busa mini hon. Na san busarsa. Jiya na ce mishi ya yi haƙuri, ban shirya ba."

Na koma kan aiki. Na sa bakin ɗan tsinken aikina na danna tsohon ƙarfen, ya yi tsalle ya ɓace cikin yashi. Na zazzage gwangwanin da nake tara kayan matattun agogo, na gwada wannan ya yi tsawo, wancan ya yi siriri. Da ƙyar na sami daidai, na sa kai ɗaya cikin raminsa, na matse ɗayan har ya shige ya ce ƙas.

Ya miƙo hannu na ɗaura masa. Ga rana kamar wuta, amma hannun sanyi ƙalau. Sarƙar kuma ta yi masa yawa.

"Baba, in rage maka ita?"

"Bar ta. Tafiyar ba nisa."

Da ya shiga gida na bi bayansa, na yi sallama da Atika, 'yarsa, wadda ta dawo kula da shi tun rasuwar mijinta. Na gaya mata abin da ya ce.

"Yaya Sha'ibu, ni ma ya gaya mini," ta ce, ta rage murya. "Amma lafiyarsa lau. Ya ci tuwo fiye da kullum. Ya yi wanka, ya sa na nemo mishi tsohuwar hularsa ta tuƙi. In kai shi likita in ce mi? Kuma da wace mota yau?"

Muka bar shi a kan gobe.

Bayan la'asar ya fito da hular a kansa, da buta, da bargo a naɗe. Ya zauna a dakalin ƙofarsu yana fuskantar kwalta. Lokaci lokaci ya ɗaga hannu ya dubi agogon. Na yi kamar ina aiki, amma idona na kansa.

Sai na ji hon daga nesa, mai kauri, irin na manyan motoci. Na miƙe na leƙa titi. Babu komai, sai wata akuya tana tsallakawa. Atika ta fito da ludayi a hannu.

"Yaya, kai ma ka ji?"

Kafin in amsa, Baba Kabo ya yunƙura, ya ɗaga hannu kamar mai tsai da mota. Ya yi murmushi. Sannan ya koma ya zauna, ya jingina da bango, hular ta zame ta rufe masa ido ɗaya.

"Baba!" Atika ta yar da ludayin.

Ko da muka isa, ya riga ya cika. Daga baya wasu suka ce motar jandarmomi ce ke zagaya gari. Wataƙila ita ce. Ni dai ban ga mota ba.

Ana cikin shirin wanka liman ya aiko a kira ni. Sun kasa buɗe maɗaurin, sabon ƙarfen ya riƙe gam, kuma ba sa son su ja hannun mamaci. Na durƙusa gefen tabarmar, na sa farce na ɗaga, ya buɗe. Na zare agogon a hankali na miƙa wa liman.

Inda agogon ya zauna shekara da shekaru, fatar ta yi haske, siririn zobe kewaye da tsintsiyar hannun, mai laushi kamar ta jariri. Liman ya yi bisimilla, ya karkata buta, ruwan ya gangara a kai.