Mai Kunne da Ƙwaƙwalwar Motar Burodi

"Riƙe ta a nan, Kawu. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Mai Kunne ya tsayar da ƙafarsa a kan totur, motar burodin tana hawan gadar bayan kasuwa a giya uku. A gefensa ɗan ƙanwarsa, wanda kowa ke kira Injiniya, ya ɗora kwamfuta a cinya yana kallon wasu ƙananan akwatuna jajaye suna komawa kore ɗaya bayan ɗaya.

Shekara ashirin da shida Mai Kunne yana saita kafiretar motocin gidan burodin nan da sukundireba da kunnensa kawai. Goma sha biyu ne, kuma su kaɗai suka rage masa a duk garin. Da manajan gidan burodin ya gaji da kukan shan mai, sai Injiniya, wanda garejin da suke aiki ya koma hannunsa bara, ya ce a cire kafireta a saka ƙwaƙwalwar mota da ake sayarwa a kasuwa, irin mai koyon rabon mai da kanta. Akwai wani ɗan hanci a jikin salansa da ke shinshinar hayaƙi, ya faɗa mata mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ita kuma ta gyara ta adana. Sai dai da duk wayonta ba ta koyo sai da ƙafar da ba ta rawa, shi ya sa aka tuna da tsoho. Wannan motar ce ta gwaji: in ta rage shan mai, sauran ma a cire musu kafireta.

A gangaren gada Mai Kunne ya ji abin. Wani siririn tsaki ne daga ƙarƙashin mota, ga injin yana amsawa da nauyi kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Nan take ya gane: bakin salansa ya tsage, iska tana shiga gaban hancin, ƙwaƙwalwa tana zaton mai ya yi kaɗan, sai ƙara zubawa take yi.

"Duk sun yi kore!" in ji Injiniya, baki har kunne.

Wani tunani ya zo wa Mai Kunne. In ya ja bakinsa ya yi shiru, motar za ta sha mai fiye da da, kafin mako guda manaja ya dawo yana neman kafiretarsa, shi kuma ya ci gaba da cin abincinsa. Ya yi tafiyar fitilar hanya biyu da wannan tunanin, kuma ya ji daɗinsa ƙwarai. Amma tsakin nan yana sukar kunnensa kamar tsinke.

Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Ƙarya take yi maka."

"Haba Kawu, na'ura ai ba ta ƙarya."

"To an yi mata. Sauko ka gani, in bokon naka zai bar ka ka durƙusa."

Ya kwanta a ƙasa ya nuna masa baƙin hayaƙin da ya zana tsagar. Injiniya ya sosa ƙeya. Suka biya wajen mai walda aka toshe, aka goge duk abin da ƙwaƙwalwa ta koya, aka faro daga farko. Awa uku Mai Kunne yana lallaɓa totur, hawa da gangara, cunkoso da sarari, har gwiwarsa ta riƙe. Yana tuƙi yana rarrashin kansa: ai mota goma sha ɗaya sun rage, kowace sai ta nemi ƙafarsa.

Da la'asar suka shigo gareji. Mai Kunne yana goge hannu ya tambaya, "Gobe ƙarfe nawa za a kawo ta biyu? Gara mu fita kafin rana ta yi zafi."

"Wace fita kuma? Ai an gama, Kawu. Injinsu iri ɗaya ne, wannan zan kwafa in zuba wa kowace. Minti biyar-biyar." Ya juyo masa da kwamfutar yana murmushi. "Dubi sunan da na sa wa saitin: Kawu. Ka ga yanzu kana cikin kowace mota, kai kuma ka samu ka huta."

"Allah ya yi albarka," in ji Mai Kunne. Maganar ta fito masa da ɗaci.

"Amin. Af, tsohuwar kafiretar tana cikin kwali a kan bencinka. Ka tafi da ita gida in kana so, can nake son in ajiye teburin kwamfuta."

Mai Kunne ya ɗauki kwalin, ya zaro sukundirebar daga aljihun gaba ya jefa ciki. A bakin ƙofa direban gidan burodi ya tayar da motar. Mai Kunne ya tsaya, ya karkata kai kamar yadda ya saba, yana neman aibi ko guda ɗaya da zai sa a kira shi gobe. Ya daɗe yana saurare. Ko shi da hannunsa bai taɓa saita ta haka ba.