Doki Ko Rake

A shekarar 1962 ina koyarwa a firamaren Makarfi, yara na ce mini Malam Inuwa, ni kuwa sau biyu ina faɗuwa jarrabawar ƙarin girma a Zariya. Lissafi ne ke kayar da ni. An ce mini ta uku ita ce ta ƙarshe, in na sake faɗi sai dai in ajiye alli.

Saura kwana huɗu, na kwashi littafina na tafi gonar Kawu Mamuda, ƙanin mahaifiyata, don gidanmu surutu ya yi yawa. Kawu mazarƙwaila yake yi. Doki na zagaya injin matse rake, ana cusa rake, ruwan na tsiyaya cikin garwa. Ko bakin makarantar boko bai taɓa zuwa ba.

Tambayar da ta tsaya mini ita ce (x − 3)(x − 7) = 0. Ni da iyayina, sai in buɗe bakunan da suka kewaye lambobin in ninninka komai, in cika shafi, in ɓata.

"Inuwa, tun hantsi kake tsaki," in ji Kawu. "Mene ne?"

"Ranka ya daɗe, abu biyu ne aka ninka, suka ba da sifili. Wai in nemo lambar da ta sa haka."

"Sifilin nan shi ne babu?"

"Shi ne, Kawu."

Ya nuna garwar da haɓa. "In na zo na tarar ba ruwa ko ɗigo, ba na kwance inji. Abu biyu nake dubawa. Ko doki ya tsaya, ko ba a sa rake ba. Muddin doki na tafiya, rake na shiga, dole wani abu ya zuba."

Na dubi takardar, kunya ta kama ni. Bakan farko, wato (x − 3), zai zama babu in x uku ce. Na rubuta uku, na miƙe ina murna.

"Zauna mana," ya ce. "Ka duba doki, ka bar rake?"

Na koma na rubuta bakwai. Amsa biyu, a layi biyu. Wallahi ban taɓa ganin ƙwaƙwalwa irin ta mutumin nan ba, kuma ya faɗi abinsa yana ɓare rake da haƙori.

A Zariya irin tambayar ta fito har uku, na gama su kafin na kusa da ni ya gama fiƙe fensir. Da sakamako ya zo na ci, a guje na isa gonar.

Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya share hannu a riga.

"Ashe a kan wannan suka wahalar da kai shekara biyu? Da ka tambaye ni tun farko, ɗana. Kullum ta nan kake wucewa."