Kujerar da Ta Karkata Dama

Daren Talata ne Alby Dunstan ya ji ƙarar. Yana kicin yana wanke faranti ɗaya da cokali ɗaya, sai ga wani abu daga waje, ƙiii, ya yi shiru, ƙiii, ya yi shiru, kamar ɗan tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa. Alby ya yi shekara talatin yana kwandasta a taragon cikin garin Melbourne, ya san kukan ƙarfe iri-iri, amma wannan bai san shi ba. Ya goge hannu ya ɗaga labule.

Ashe maƙwabciyarsa ce, Stavroula, matar marigayi Manoli mai gyaran takalma. Wata tsohuwar kujera mai hannu take turawa, ta yi taku biyu ta huta, 'yan tayoyin tagullar da ke ƙafafun kujerar suna kuka a kan siminti. Makon kwashe tarkace ne a unguwarsu ta Coburg, kowa ya fitar da abin da ya gaji da shi kafin motar hukuma ta zo. Stavroula ta ajiye kujerar a kan ciyawar bakin titi, tsakanin wani mataccen firji da tsohuwar katifa. Ta juya ta ta fuskanci hanya, ta share mazauninta da tafin hannu, ta shige gida.

Alby ya laluba aljihunsa. Kirtaninsa na awo yana nan.

Wata uku ke nan matarsa Merle tana asibiti, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakinta ya dawo, kuma ya dawo da kaifinsa, amma ƙafar da hannun sai a hankali. Tamsin, ma'aikaciyar da ke koya mata zama da tashi, ba ta ɓoye masa komai ba.

"Baba Alby, ka saurare ni da kyau. Bayanka ba zai iya ɗaga ta ba. Ran Juma'ar da muka sa zan kawo ta gida. In ta tashi daga kujera da kanta, ta zauna. In ta kasa, sai gidan kula da tsofaffi."

Asibitin yana da tasa kujerar da ake ba marasa lafiya su tafi da ita gida, ta roba mai ƙafafun ƙarfe. Duk sanda aka ɗora Merle a kanta sai ta zame ta yi hagu, wajen da ba shi da ƙarfi, kamar buhun da ba a cika ba.

"Shekara arba'in da bakwai ina goge falon nan," in ji Merle. "Ba wanda zai kai mini masai ya dasa a tsakiyarsa."

"Ba masai ba ce, Mama," in ji Tamsin.

"To ƙanwarsa ce."

Ranar ce Alby ya durƙusa gaban gadonta da kirtani. Ya auna daga diddigenta zuwa bayan gwiwa, ya ƙara yatsa biyu kamar yadda Tamsin ta ce, ya yi ƙulli. Ya auna daga bayan gwiwa zuwa ƙugu, ya yi wani.

"Likkafani kake auna mini, tsoho?"

"Gadon sarauta."

"Ka dai tashi kafin a kwantar da kai kusa da ni."

Mako uku ya yi yana yawon shagunan tsofaffin kaya. A nan ya gane cewa mutanen da ba su yi kujera don a tashi ba. Wata ta yi ƙasa, wata ta yi zurfi har ta haɗiye mutum, wata hannuwanta sun tsaya rabin hanya, inda mai yunƙuri ba zai sami madafa ba. Duk da haka sai ya zauna a kan kowace, ya zura yatsu a lungunta. Ya tsinci maɓallin riga, da allurar gashi, da busasshen ƙwallon wani ɗan itace, ya yi ta tunanin wa ya ci shi, me ake faɗa a ɗakin a lokacin, har sai mai shago ya yi gyaran murya.

"Wannan ta girmi kakanka, Baba," in ji wani mai shago da ya maƙala tabarau a ka. "A jirgin ruwa ta zo daga Ingila. Dubi sassaƙar nan."

Alby ya miƙa kirtani. "Ta yi ƙasa."

"Ai haka ake yin su. Matan da manyan riguna suke sawa."

"Tawa matar wando take sawa."

"Wai kujera ka zo saya, ko tela ne kai?"

To ga shi yau Talata, saura kwana uku, ga kujera ta zo da ƙafarta har kusa da ƙofarsa. A unguwar, abin da aka ajiye a bakin titi mai ɗauka ba ya tambaya, mai fitarwa ba ya kallo. Alby ya jira har ƙofar Stavroula ta rufe, ya fita da silifas. Kujera ce doguwa, koriya, yadinta ya koɗe, cikinta gashin doki ne mai tauri. Manoli ya taɓa gaya masa ita ce abin da suka fara mallaka bayan saukarsu daga jirgin da ya kawo su ƙasar nan, kuma tun a lokacin tsohuwa ce. Alby ya sa kirtani. Ƙullin farko ya zauna a bakin mazauni cif. Na biyu ma bai yi gardama ba. Ya kama bayanta ya ja, kukan ya sake tashi, wannan karon zuwa gidansa. Labulen Stavroula ya motsa, sai fitilarta ta mutu.

Da safe ya haɗa shayi ya zauna a kanta. Bai kai ga kurɓa ba ya ji jikinsa yana tafiya dama a hankali, kamar wani ya dafa kafaɗarsa yana cewa matso nan. Ya tashi ya duba. Mazaunin ya lotsa ta dama. Hannun dama ma ya goge ya yi fari a gaba, har da ɗan rami daidai tafin hannu. Sai ya tuna. Kunnen Manoli na hagu ba ya ji, rediyonsa kuwa a kan wata 'yar kanta yake ta dama. Shekara arba'in mutumin yana karkata yana sauraron labarin ƙasarsu, yana dafa wuri ɗaya in zai tashi. Alby ya daɗe yana shafa ramin, shayinsa ya huce.

Tayoyin ne matsala, don kujerar mara lafiya ba ta gudu. Ya kifa ta ya cire su, ya mayar da ita, ya sa kirtani don jin daɗi kawai. Ta rage yatsa biyu. Tayoyin ne ashe suka cika awon. Ranar Alhamis gaba ɗaya a filin da ke bayan gidansu ya yi ta, yana yanka guntaye huɗu daga tsohon ginshiƙin shinge, jan itacen nan mai cin zarto. Ya ɓata uku kafin ya sami huɗu masu kai ɗaya. Da ya gama ɗaure su, yatsunsa ba sa iya riƙe kofi.

Juma'a da hantsi motar asibiti ta tsaya. Tamsin ta turo Merle a keken marasa lafiya har falo, ta zagaya kujerar, ta girgiza ta, ta danna mazaunin da hannu biyu, ta ɓata fuska.

"Baba, ai ta lotsa gefe guda."

"Gefen da ya kamata, 'yata."

Merle ta ƙura mata ido. "Wannan ai ta Manoli ce. Kujerar mamaci ka sato mini, tsohon banza?"

"Tsinta na yi."

"Da haka ka tsince ni."

Tamsin ta zaunar da ita. Alby ya tsaya yana jiran zamewar nan ta hagu. Ba ta zo ba. Jikin Merle ya tafi dama, ya sami wurinsa, ya tsaya. Tamsin ta ajiye ƙarfen dogarawa a gabanta ta ja da baya.

"Bismillah, Mama. Baba, sa hannuwanka a aljihu."

Merle ta yunƙura, ta ɗago kaɗan, ta koma. Gumi ya tsatso mata a goshi. Ba ta dubi kowa ba.

"Ba sauri muke ba," in ji Tamsin, amma ta saci kallon takardar da ke hannunta.

"Merle," in ji Alby a hankali, "kai hannunki gaba. Can bakin. Akwai wuri."

Hannunta na dama ya bi itacen yana lalube, har tafin ya faɗa cikin ramin. Ta damƙe wurin, kamar wadda aka miƙo wa hannu a duhu. Ta ja ƙafarta mai lafiya baya, ta sunkuya, ta danna. Kujerar ba ta motsa ba. Merle ta miƙe, tana rawa kamar sabuwar 'yar maraƙa, ta kama ƙarfen.

"Sake," in ji Tamsin. Ta zauna ta sake. Ta kuma sakewa. A na uku Tamsin ta rufe takardarta ta ce za ta je mota ta kwaso jakar Mama.

"Me kake yi da fuska haka?" in ji Merle. "Kauce mini. In ga abin da ka mayar da kicin ɗina."

Alby ya juya don ya goge ido, sai ya ga mutum a bakin ƙofa. Stavroula ce cikin baƙaƙen kayanta, da faranti a lulluɓe, ƙamshin gasasshen alayyafo da cuku ya cika falon. Ba wanda ya san tun yaushe take tsaye. Ta ce sannu da dawowa, Merle ta amsa daga hanyar kicin, tana jan ƙafa taku ɗaɗɗaya, Alby na biye da ita hannuwansa a buɗe, bai taɓa ta ba.

Stavroula ta shigo ta ajiye farantin a kan tebur. Ta tsaya gefen kujerar, ta dubi sababbin ƙafafun, ta dubi mazaunin da Merle ta tashi daga kai. Daga kicin ana jin Merle tana faɗa a kan tukunyar da aka ƙona. Tamsin tana waje tana kokawa da jaka. Stavroula ta ɗora yatsu biyu a kan koren yadin, ta yi magana da muryar da ba ta wuce tsakiyar falon ba.

"In kuna kicin kuna cin abinci, ba kowa a kanta, ko? Sai in riƙa zuwa ina ɗan zama."