Ranar da Zaure Ya Cika

Shekara ashirin da biyu Alƙali ya yi yana raba 'yan damben zamani a cikin igiyar da ke kewaye filin wasa, amma gardamar da ta fi ci masa rai a shagon aski ake yin ta. Mai askin kan jira sai ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya ga ba halin tashi, sannan ya fara.

"Baba, har yanzu kuna nan kuna gadin gawa? Dambe fa ya mutu. Ran da na leƙa, ku da ke cikin igiya kun kusa fin 'yan kallo yawa."

Sai samarin da ke jiran layi su kwashe da dariya, kowa ya mai da kai kan ƙwallon da yake kallo a waya. Alƙali ya yi ta kumfar baki, yana lissafa zakarun da ba wanda ya taɓa jin sunansu. A ransa kuwa ya san gaskiya. Zaure mai kujera ɗari huɗu, in an samu mutum talatin an gode Allah, rabinsu ma dangin 'yan wasa ne.

Sai ga wata Asabar da yamma zauren ya cika maƙil. Wani direban bas ne zai yi wasa, saurayi mai fara'a da barkwanci, wanda duk fasinjan da ya ɗauka a makon sai da ya gayyace shi. 'Yan tasha suka zo ƙwansu da kwarkwatarsu, har da masu tsayuwa a jikin bango. Da Alƙali ya shiga igiya da farar rigarsa ya ji ihun, sai da tsigar jikinsa ta tashi.

A turmi na shida abokin karawar ya sami Direba da naushi a gefen ido na hagu. Ya faɗi, ya miƙe a ƙirga na takwas. Abin da ake yi a nan, Alƙali ya koya wa mutane da yawa, har yakan yi musu tsawa a kai: ka kama safar hannun ɗan wasa ka goge a rigarka, ka kalli ƙwayar idonsa, ka ce ya tako zuwa gare ka. In ido ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, wasa ya ƙare, ko duniya za ta tashi.

Ya kama safar, ya goge. Ta saman kafaɗar Direba sai ya hango mai aski tsaye a kan kujera, yana ihu har jijiyar wuya ta fito. Bayansa kuma kawuna ne har bakin ƙofa. Alƙali ya saki hannun ya ce, "Ku ci gaba."

Ba a yi minti ɗaya ba aka sake dukan idon nan sau uku.

Kwana huɗu Alƙali bai fita ba. Ran na biyar ya sayi lemo a leda ya nufi asibiti. Da ya zo wucewa ta gaban shagon, mai aski ya fito da almakashi a hannu. "Baba, na janye maganata. Dambe na nan da ransa, yaushe za a sake?" Shekara da shekaru yana jiran jin wannan magana, yau ga ta, shi kuma kunya ta hana shi ko ɗaga kai.

Ya tarar da Direba kwance, an naɗe masa rabin fuska da bandeji. Yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar iyayensu, tana zaune a gefen gado da waya a cinya. Ita ta gaya masa abin da likita ya ce: idon ba zai sake gani ba. Kamfanin bas kuma ba ya ba mai ido ɗaya sitiyari.

Direba ya riƙo hannunsa da hannu biyu. "Baba, kar ka sa damuwa a ranka. Na gaya wa Yaya, kai ka san aikinka. Ka duba ni ka ga da sauran ƙarfina, shi ya sa ka bar ni. Ƙaddara ce kawai."

Ga hanyar fita an buɗe masa. In ya ce haka ne, shi ke nan, ya ajiye lemo ya tafi da mutuncinsa, kuma ba mai tayar da zancen har abada. Har ya buɗe baki.

Yayar ta juyo da fuskar wayar. Ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai. "Baba, na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin. Ni ban san dambe ba, kai ka sani. Lokacin da ka riƙe hannunsa, me ka gani a idonsa?"

Alƙali ya dubi ledar da ke hannunsa.

"Ban kalli idonsa ba."

"To me kake kallo?"

"Kujeru," ya ce. "Sun cika."

Direba ya zare hannuwansa a hankali ya mai da su ƙarƙashin bargo. Sannan ya juya kansa a kan filo, ya bar wa Alƙali gefen da aka naɗe.