Ɗingishin Injin Maccido

Shekara shida ke nan da aka turo Andrawus garin Goronyo koyar da lissafi. Mutumin Kaltungo ne, dogo, marar yawan magana. Matarsa Susanna tana aikin jinya a asibiti. In ban da ita, ba kowa ya san cewa duk ranar Asabar, da ya gama duba takardun ɗalibai, sai ya buɗe kwamfuta ya toshe kunnuwansa da abin sauraro ya zauna haɗa kiɗan gambarar zamani har la'asar ba. Ya tara kiɗa fiye da ɗari, ba a taɓa ɗora waƙa kan ko ɗaya ba.

Zayyanu ne ya fara nemansa. Manomin albasa ne a fadamar Taloka, yana noma tare da mahaifinsa Maccido, kuma tun yana sakandare yake rubuta baitoci. Wurin mai cajin waya suka haɗu, magana ta jawo magana, har ya gayyaci malamin zuwa gonarsu.

Ranar da Andrawus ya je, ana ban-ruwa. Injin Maccido tsoho ne, an ɗaure shi da waya a wuri biyu. Yakan buga sau uku, ya ɗan yi jim kamar zai mutu, sannan ya buga biyu da sauri. Andrawus ya tsaya cak a bakin kwamin albasa, inda ruwan ke kwanciya. Ya ciro wayarsa ya durƙusa kusa da injin, hayaƙi yana shiga masa ido.

"Malam, mi kaka ɗauka nan?" in ji Maccido. "Ciwon injin?"

"Baba, kiɗa nake ji a ciki."

"Kiɗi? Wanga abu da yah hana mu barci da tunanin makanike?" Tsohon ya yi dariya har da riƙe gwiwa.

Mako uku Andrawus ya yi a kan wannan sauti. Bugun injin ya zama gangar da ke ɗauke da kiɗan daga ƙasa. Ya ɗauko ƙarar ruwa in ya fito daga tiyo, da ta fartanya in ta daki busasshiyar laka, ya jera su a kai. Bai ƙara kome daga cikin kayan da ke zuwa da kwamfuta ba. Wannan ɗan jim ɗin kuwa ya bar shi yadda yake, don nan ne kiɗan yake numfashi. Da ya gama ya sa wa Susanna, sai ta ajiye wuƙar yankan kuɓewa ta ce ya sake maimaitawa. Bai taɓa jin ya yi abu nasa na kansa ba sai ranar.

Zayyanu ya sha wuya kafin ya hau kiɗan. Kullum sai bakinsa ya faɗa ramin nan, wato inda injin ke yin jim. A Asabar ta uku ya gano dabara: ya riƙa yin shiru tare da injin, sannan ya watso kalmomi biyu a guje. Waƙar a kan rani ce, da manomin da ke kwana da fargabar ko za a sako ruwa, da albasar da ke ruɓewa a rumbu kafin kasuwa ta yi kyau. Suka jingina katifa da bango suka ɗauka a falon Andrawus.

Saura gyaran sauti, wanda Andrawus ba shi da kayansa. Zayyanu ya ce akwai wani Yari, ɗan Rabah ne mai situdiyo a Sakkwato, shi ke yi wa mawaƙa da dama aiki. Suka tura masa.

Bayan kwana goma waƙar ta dawo. Andrawus yana ɗakin malamai lokacin tara saƙon ya shigo. Ya sa a kunne. Muryar Zayyanu ce, an yi mata sumul kamar an goge ta da mai. A ƙarƙashinta kuma ganga ce mai nauyi mai gangarowa, irin wadda ke tashi daga kowace waya da kowane babur a bana. Injin yana nan daƙiƙa biyu a farko, kamar sallama, daga nan ya ɓace. An miƙe kiɗan. Inda Zayyanu yake yin shiru an datse, an manne kalmomin da juna.

Ya shiga aji ya rubuta lissafi a allo, ya goge, ya sake rubuta shi dai.

Da Asabar ta zo ya hau mota zuwa Sakkwato, Zayyanu yana gefensa. Andrawus ya shirya faɗa tun daga hanya. Amma Yari ya tarye su da fara'a, mutum ne mai ƙiba da furfura kaɗan a gemu, ya ba Andrawus kujerarsa, ya aika a kawo lemo.

"Malam, wallahi kiɗinka ya tsaya min a rai," in ji shi. "Na ji shi ya kai sau ashirin."

"To me ya sa ka kashe shi?"

Yari bai ji haushi ba. Ya juya ga kwamfutarsa ya sa waƙoƙi bakwai a jere, kowace 'yan daƙiƙu. Duk ganga ɗaya ce.

"Waɗanga su aka yayi. Mai rawa a waya daƙiƙa goma sha biyar gare shi. In ƙahwa tai ba ta samu wurin sauka ba, wucewa zai yi. Naka kiɗin, ƙahwa na zuwa sai ta iske rami."

"Ramin shi ne kiɗan."

"Na sani, Malam. Ni na sani." Ya buɗe wata ma'ajiya ya nuna masa jerin sunaye masu yawa. "Nawa na. Shekara tara. Akwai wanda niy yi da kukan tantabaru. Ko guda ba a taɓa ɗauka ba."

Andrawus ya rasa inda zai kama. Da mutumin ya raina aikinsa, da ya san abin faɗa. Ya juya ga Zayyanu.

"Waƙarka ce. Wanne kake so a saki?"

Zayyanu ya dubi tafin hannunsa, duk kanta. "Malam, ka san ina son namu. Amma shekarata talatin da biyu. Ban taɓa jin muryata bakin wani ba. In munka saki namu, ni da kai da Anti Susanna mu ka jin shi."

"Ba ka gwada ba."

"In na gwada ya hwaɗi, sai yaushe kuma?"

Andrawus ya juya ga Yari. Ya ce ko a saki biyun. Yari ya ce ana iya yi, amma kada ya sa rai. Aka saki biyun a intanet rana ɗaya.

Cikin wata guda na Yari ya kama. Ranar kasuwar Goronyo an sa shi a rumfar masu waya, masu lodin albasa suna rera amshin suna cilla buhu a mota. An sa shi a biki a Wurno. Nasu kuwa, Andrawus ya riƙa leƙa shi safe da yamma: mutum arba'in da ɗaya suka saurara, daga nan ya tsaya. Wani ya rubuta a ƙasa, yana tambaya ko waƙar ce ta lalace wajen ɗorawa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne yabo. Zayyanu, don kara, ya sa an rubuta sunan Andrawus a matsayin mai kiɗa a kan duka biyun. Mai nama ya ƙara masa tsoka biyu. Shugaban makaranta ya riƙe hannunsa a gaban malamai ya ce ashe suna zaune da gwani ba su sani ba. Da farko yakan ce, "Ba ni na yi wannan ba," ya ciro waya ya sa musu nasa. Sai su saurara da ladabi, su gyaɗa kai ba bisa kiɗa ba, su ce, "Wanga ma ya yi, amma sa muna wancan." Daga baya ya daina bayani. In an yaba sai ya ce ya gode.

Zayyanu ya ci gaba da zuwa gaishe shi, har da kwandon albasa. Sai dai yanzu kai tsaye yake tafiya Sakkwato da sababbin baitocinsa, kuma ba su taɓa tayar da zancen ba.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Wani tela ne daga Kwargaba, Abdulƙadiri, ya yi tafiyar babur takanas, da baitocinsa a naɗe cikin aljihu. Andrawus ya shigo da shi falo. Ya zaunar da shi, ya tambayi irin keken da yake ɗinki da shi, ya ce za su iya ɗaukar ƙarar feda da ta almakashi su gina kiɗa wanda ba wanda yake da irinsa. Ya sa masa uku daga cikin nasa.

Telan ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushin jin kunya.

"Malam, ka yi haƙuri. Ni irin na Zayyanu nika so. Shi sak."

"Wannan kowa na da shi."

"Shi ya sa, Malam."

Susanna tana bakin ƙofa da kayan aikinta, za ta fita. Ta dubi mijinta, shi bai dube ta ba. Ya jawo kwamfutar, ya nemo gangar da ake yayi cikin kayan da ake saukewa kyauta, ya jera ta. Hannunsa yana tafiya shi kaɗai. Minti ashirin da biyar ya gama.

Abdulƙadiri ya miƙe tsaye yana kaɗa kafaɗa, yana gwada baitinsa na farko a kai, ya hau daidai ba tuntuɓe. Ya ce akwai abokansa biyu a Rara masu son waƙa, ko ya kawo su mako mai zuwa?

Andrawus ya adana kiɗan, ya rufe kwamfutar.

"Kawo su," in ji shi. "Bayan azahar."